Saƙon da Aka Sa wa Alamar Kurma

*Shafi na 23*

Da sunan Allah. Masu turo mini cewa Insaf ta yi haƙuri tunda abin ya riga ya wuce, ku karanta wannan shafin tukuna, sannan ku zo mu yi maganar haƙuri.

*

Ranar kwana ukun rasuwar Hajja Gamalat, bayan la'asar, 'yarta Insaf ta shigo gidan uwar tata da baƙuwa a bayanta.

Falon cike yake da mata cikin baƙaƙen kaya. Bakuna suna motsi, ƙananan kofunan gahawa marar sukari suna zagayawa. Insaf ba ta jin komai daga ciki, tun haihuwarta ba ta taɓa ji ba. Kwana ukun nan kuma ko a ƙirjinta ba ta jin komai. Tun ranar da aka je gidanta aka ɗauko ta, aka nuna mata gado wayam, aka ce maza sun riga sun fita da Mama, hawaye bai zo mata ba. An ba ta abinci ta ci. An rungume ta ta tsaya. Ta wanke kofuna har yatsunta suka yi fari.

Tanti Bahiga, ƙanwar marigayiya, ta bi baƙuwar da kallo daga takalmi har ɗankwali, ta karkata ga ta kusa da ita ta ce ko dai mai tallar turare ce ta ɓace hanya, don wannan jaka ba ta masu ta'aziyya ba ce.

Hannun baƙuwar ya motsa. Insaf ta kalli hannun, ta kalli Tanti Bahiga.

"Ke, me kika gaya mata?"

"Abin da kika ce, Hajja. Har maganar jakar."

"Ai ba da ita nake ba."

Hannun ya sake motsawa. Wannan ma ya isa.

Madam Wisal ke nan, tafintar ƙungiyar kurame ta nan garin Dumyat. Uwa da uba kurame ne suka haife ta, ta iya maganar hannu kafin ta iya ta baki. Ƙa'idarta guda ce kuma ba ta sassauta wa kowa: duk abin da ya shiga kunnenta tana kan aiki sai ya fita ta hannunta. Gaisuwa, zagi, tari, buga ƙofa. Ba ta tacewa, ba ta zaɓa.

Tanti Bahiga ta ja bakinta ta rufe. Shekara talatin da huɗu tana magana a gaban yarinyar nan kamar a gaban kujera.

Insaf ta wuce ta taɓa kafaɗar yayarta Nagat, ta nuna ɗakin Mama.

Nagat ta ce akwai baƙi. Ta ce ba yanzu ba. Ta ce a bari a watse. Insaf ba ta ɗauke hannunta daga kafaɗar ba. Ƙarshe Nagat ta ajiye faranti ta bi su, tana murmushin da ake yi don idon mutane.

*

Ɗakin yana nan yadda Mama ta bar shi wata bakwai da suka wuce, ranar da aka ce ta tafi garin Mansura gidan Nagat don ta huta wa gwiwoyinta. Abin da aka gaya wa Insaf ke nan. Gwiwa.

Ta rufe ƙofa. Ta ɗora wayarta a kan gado, ta buɗe guruf ɗin gida, ta juya ta wajen Nagat.

Saƙon murya ne, a ƙarƙashinsa ɗan hoton nan 🧏‍♀️, matar da ta ɗaga yatsa zuwa kunnenta. Ta ja sama. Wani saƙon muryar, hoton a ƙasa. Ta sake ja. Wani. Ta yi ta ja, wata yana wuce wata.

Insaf ce ta fara kawo hoton nan gidan. Shekarar da ya fito a waya, matan ƙungiya suka yi ta tura wa juna, suna cewa yau dai an san da mu. Ta liƙa shi kusa da sunanta. Daga baya matasan gidan suka ɗauke shi suka mai da shi abin wasa: a aike su, su turo shi, wato ban ji ba, ban gani ba. Ta ga haka ta kawar da kai. Da Nagat ta fara sa shi ƙarƙashin saƙonnin murya, Insaf ta ɗauka tunawa ake yi da ita, ana cewa ga abin da 'yar'uwarmu ba za ta ji ba, wani ya rubuta mata. Ta yi ta jira a rubuta.

Sai jiya, tana zaune tana jan wayar ba don komai ba, idonta ya ga abin da ya daɗe a gabansa. A guruf ɗin nan ko hoton kifi aka turo sai an yi ta rubutu. Amma duk saƙon da ke da alamar nan, babu wanda ya taɓa amsa shi da rubutu. Ko harafi ɗaya. Murya ake amsawa da murya.

Hannun Insaf ya tashi. Muryar Madam Wisal ta bi shi, a kwance, babu hawa babu sauka.

"Yaya Nagat, me alamar nan take nufi a wurinku?"

"Wasan yara ne."

"Ke kika sa. Sau sittin da ɗaya."

"Har ƙirgawa kika yi?"

"Ba ni da wani aikin."

Nagat ta juya ga Madam Wisal ta ce mata, 'yar'uwa, wannan maganar cikin gida ce, ki ɗan ba mu wuri. Madam Wisal ta mayar da shi da hannu, ta jira. Insaf ta girgiza kai.

"In ta fita, da me za ki yi mini magana? Shekara nawa muna ɗaki ɗaya, kalma nawa kika koya? Ci. Zo. Tafi."

Nagat ta zauna a bakin gado. Ta ce ba ita kaɗai ba ce. Ta ce da ita da ɗan'uwansu Ragab da ke Kuwait da Tanti Bahiga aka zauna aka yanke, tun ranar da likita ya faɗi sunan ciwon. Alamar kuwa don kada wani ya manta ya yi rubutu. In an gan ta, a amsa da murya. Ta faɗi haka kamar mai bayanin yadda ake jera tukwane.

"Likita ya ce kada a tayar mata da hankali."

"Ganina ne zai tayar mata da hankali?"

"Ba ganinki ba."

"To mene ne?"

Nagat ta kalli ƙasa. Ta kalli Madam Wisal kamar mai roƙon a rage wa maganar kaifi. Madam Wisal ta ɗaga hannu tana jira.

"Kukanki, Insaf. Ke ba ki san yadda yake ba. Ranar rasuwar Baba har layi na uku aka jiyo ki. Yaran unguwa sun shekara suna kwaikwayonki a ƙarƙashin taga. Mama tana ji, ke ba kya ji. Na ce ba za a sake ba. Ba a asibiti ba, ba a gaban dangin mijina ba."

"Shi ya sa aka kawo gawarta gidan nan, aka fita da ita kafin a kira ni."

"An ce a gaggauta."

"Gidana layi biyu ne daga nan."



Insaf ta ɗora yatsunta a maƙogwaronta. Ta san wani abu yana rawa a wurin in tana kuka, tun tana yarinya ta sani. Ba ta taɓa sanin yana fita waje ya je layi na uku ba. Ta tsaya tana jiran maganar ta yi mata zafi. Ba ta yi ba. Ta shiga ta sami wuri ta zauna kusa da sauran.

Ta tambayi Madam Wisal, kukan nawa yaya yake?

Madam Wisal ta ce ita ba a tambayarta in tana kan aiki, kuma ba ta taɓa ji ba.

Insaf ta gyaɗa kai. Ta ja wayar zuwa ƙasa, ga saƙo na ƙarshe mai alama. An turo shi kwana biyu kafin rasuwa. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya.

"Wannan fa?"

"Muryar Mama ce. Ragab ya ce yana so ya ji ta, na ɗauka masa."

"Ta ambace ni?"

"Ta sa wa kowa albarka."

"Ta ambace ni?"

"Insaf, don Allah. Mutuwa ce fa aka yi."

Abin da ya hana ta barci ke nan, ba ciwon da aka ɓoye ba, ba gawar da ba ta gani ba. Wata bakwai uwarta tana kwance, ita ba ta taka ba. Da me Mama ta tafi a zuciyarta game da ita? Da yarda, ko da fushi?

Ta miƙa wa Madam Wisal wayar.

Nagat ta miƙe ta ce wannan haramun ne, a kawo bare ta saurari muryar mamaci. Ta ce za ta kira mijinta. Ta kama hannun ƙofa. Ba ta murɗa ba.

*

Madam Wisal ta zauna a kujerar da ke fuskantar taga don haske ya faɗa wa hannunta. Ta ɗora wayar a cinya, ta danna. Kafaɗunta suka sauka, fuskarta ta saki. Haka masu aikin suke yi, ba sa cewa ta ce, sai dai su zama mai maganar.

*Numfashi. Mai nauyi.*

*Ragab, ɗana. Kana cin abinci? Kada ka zo, aikinka. Ina lafiya.*

*Tari. Ƙarar cokali a kofi.*

*Nagat ta wahala da ni. Allah ya ba ta masu yi mata.*

Nagat ta saki ƙofa, ta sa bakin mayafi a ido.

*Ina Insaf?*

Insaf ba ta motsa ba.

*Ina 'yata? Wata nawa. Ba ta zo ba.*

Madam Wisal ta karkata kafaɗa zuwa dama, ta canza fuska. Wannan yana nufin wani ne ke magana.

*Muryar mace, kusa da waya. Mun gaya mata, Mama. Ta ce ɗinki ya yi mata yawa, lokacin aure ne. Ta ce in ta samu sarari.*

"Ba haka nake nufi ba," in ji Nagat. "Da me zan ce mata? In ce mun ɓoye?"

Hannun Madam Wisal ya kawo wannan ma, ya koma ga wayar.

*Shiru. Daƙiƙa biyar, shida.*

*To. Wannan abin da kike riƙe, murya yake ɗauka? Me za ta yi da murya? Buɗe mini na hoto. Zan yi mata magana da hannuna.*

*Muryar macen. Mama, kin gaji.*

*Buɗe.*

*To, na buɗe. Ga shi, kalli nan.*

Madam Wisal ta tsaya, kunnenta a karkace. Hannunta yana sama bai sauka ba. Insaf ta kalli ɗan layin da ke tafiya a fuskar wayar. Ko rabi bai wuce ba.

*Babu magana.*

*Ƙarar awarwaro.*

*Motsin zanen gado.*

*Awarwaro.*

*Numfashi.*

*Awarwaro, da sauri. Ya tsaya. Ya ci gaba.*

Haka har minti biyu. Madam Wisal ba ta tsallake ko ɗaya ba. Duk lokacin da awarwaron Hajja Gamalat guda uku suka haɗu, sai ta girgiza wuyan hannunta. Insaf tana kallo. Uwarta tana can tana yi mata magana, doguwar magana, irin wadda ba ta taɓa yi mata ba, kuma abin da ya rage daga ciki shi ne wata mata tana girgiza wuyan hannu.

*Shi ke nan. Ki tura mata.*

*To, Mama.*

*Ya ƙare.*

Madam Wisal ta ajiye wayar a gado, ta goge tafinta a siket.

Insaf ta tambaya, ko da yake ta riga ta sani.

"Ina bidiyon?"

"Babu."

"Kin goge?"

"Ban ɗauka ba. Na ɗaga wayar kawai." Nagat tana magana da bango. "Da kin ga yadda ta koma, a ranar za ki hau mota. Na ce in ta ɗan murmure sai mu sake ɗauka, mai kyau. Wallahi haka na yi niyya. Ban san saura kwana biyu ba."

Ku da kuke cewa a yi haƙuri, ga shi nan. Ba muguwa ba ce Nagat. Ita ta yi wata bakwai tana wanke uwar, tana juya ta. Mutum ne da ya saba yanke wa wani hukunci har ya manta ana tambaya.

Insaf ta duba ɗakin. Ga tabarau na Mama a kan akwati. Ga kwalbar man gwiwa, rabi. Ta yi tunanin ko ta fita ta ƙarasa wanke kofuna.

Sai ta tashi, ta je gaban yayarta, ta kama hannayenta biyu ta ɗaga su.

"Ke kika gani. Ke kaɗai."

"Ban san maganarku ba."

"Ban ce ki sani ba. Ki yi abin da hannunta ya yi."

"Insaf, ina kuka a lokacin, ban ma..."

"Ki yi."

Nagat ta tsaya da hannaye a sama kamar wadda aka ba ta jaririn wani. Ta ce da yawa ne. Ta ce da sauri Mama take yi. Ta motsa yatsu, ta fasa. Ta sake, ta ce a'a, ba haka ba. Insaf ba ta taimake ta ba, ba ta matsa ba.

"Na farkon dai na tuna. Don ta yi shi a hankali."

Ta sa yatsu biyu ta shafi leɓenta, ta goge su a ƙirjin rigarta kamar mai goge ƙazanta. Ta miƙa yatsa ta nuna gabanta. Sannan ta bugi ƙirjinta da tafi, sau biyu.

"Haka. Ta nuna wayar, wato ke."

Madam Wisal ta ce wannan ba maganar ƙungiya ba ce, ba ta san ta ba. Ta gida ce.

Ta gida ce. Ta mutum biyu ce a duniya, ɗaya tana ƙasa yau kwana uku. A kasuwar kifi aka haife ta, Insaf tana 'yar shekara shida tana riƙe da gefen rigar Mama. Mai kifi ya rantse na yau ne, Mama ta yi masa murmushi, ta sunkuyo ta shafi leɓe ta goge a riga. Ƙarya yake yi. Daga ranar ta zama tasu, a kan mai kifi, a kan maƙwabciya, a kan Baba in ya ce yana hanya.

Kuma Mama ba ta taɓa nuna Insaf da yatsa ba. In ita take nufi, kumatunta na hagu take tsunkula, sunan da ta sa mata ke nan. Yatsa na wanda ke tsaye a gabanta ne. Na mai riƙe da waya.

*Ƙarya take yi. Wannan. Na sani.*

Wani abu ya motsa a ƙasan haƙarƙarin Insaf, karo na farko cikin kwana uku. Ta dafe wurin. Ta haɗiye shi. Ba a nan ba, ba da mata cike da falo ba.

Nagat tana kallon fuskarta.

"Me ta ce?"

Insaf ta tambaya, daga nan fa?

"Na ce me ta ce? Na ga fuskarki."

"Daga nan me ta yi?"

"Akwai wani. Ta yi shi sau uku, har na ce mata Mama ya isa. Shi ma na tuna." Nagat ta ja numfashi, ta naɗe hannayenta ta cusa a hammata. "Amma ba zan nuna ba sai kin gaya mini wannan. Uwata ce ni ma. Ni na rufe mata ido. Ina tsaye a gabanta ta yi minti biyu tana magana, ban fahimci komai ba. Kin san yadda wannan yake?"

Insaf ta dube ta.

"Na sani."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Madam Wisal ta nuna da hannu: *Bugu uku. Tanti Bahiga. Ta ce baƙi za su tafi, ku fito.* Babu wadda ta juya.

In ta faɗi gaskiya, Nagat za ta rayu da sanin cewa uwar da ta yi wa jinya ta kalle ta ido cikin ido ta kira ta maƙaryaciya, kuma wataƙila hannayen nan ba za su sake fitowa daga hammata ba. In ta yi ƙarya, za ta sami sauran maganar uwarta, ta hanyar da aka bi aka hana ta ita.

"Ina jira," in ji Nagat.

Madam Wisal ta gyara zama, ta zuba wa yatsun Insaf ido. Duk abin da suka faɗa, shi za ta faɗa.

Insaf ta ɗaga hannunta.